Wa ke ƙirga waƙoƙinmu?

Masu sauraro, barkanmu da war haka.

Ku tuna shekarar 2020, lokacin kullen korona, da Kano ta yi tsit, kasuwanni a rufe, ba taron biki ba na suna. A wannan zaman gida ne waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker, ɗan unguwar Ɗorayi, ta cika gari. Ya jima yana waƙa kafin nan, amma ita ce ta kai sunansa kunnen wanda ko waƙar soyayya ba ya saurare. Matan aure suka riƙa taka rawa a gaban mazajensu suna sakin bidiyon a intanet, malamai suka yi ta tsawatarwa. Ni ma ban ji daɗin fito da sirrin ɗaki bainar jama'a ba, sai dai wannan nauyi yana wuyan mai ɗora bidiyon. Waƙar ita kanta lallashi ce, cikin Hausa mai taushi, a lokacin da zukata suke a ƙuntace.

To amma abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wace lamba ta kai? A Amurka tun 1958 mujallar Billboard take jera waƙoƙi ɗari da suka fi tashe kowane mako. Nan Najeriya ma an samu TurnTable a 2020, mai lissafa sauraro ta intanet da abin da gidajen rediyo suka sa. Mu kuwa ta ina muke jin waƙa? Wurin 'yan turi a kasuwar waya ta Farm Centre, daga wayar aboki ta Xender, cikin adaidaita sahu, ko wurin mai kiɗa a ranar kamu. Duk wannan ba ya shiga lissafin kowa. Ranar da kamfani ke neman mawaƙin da zai yi masa talla, na Legas ya baje alƙaluma a tebur, namu kuma hujjarsa ɗaya ce: ai kowa ya sani. Da haka ake taya shi da araha.

Gyaran nan bai fi ƙarfinmu ba, mu 'yan rediyo. Kullum masu sauraro suna bugo waya a shirin zaɓi sonka. Tashoshin Kano su haɗa kai su riƙa rubuta waɗannan zaɓe, a tara, a fitar da goma na sama, a karanta su kowace Juma'a da daddare.