Ƙwaryar Goro da Ƙwayar Zarra: Laccar Shirin Jarrabawar JAMB

An rubuto wannan lacca daga muryar da aka naɗa a wani taron share fage na ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Kano. Mai jawabin tsohon malamin ilimin sinadarai ne.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Shugaban taro, malamai abokan aiki, da ku 'ya'yana da aka tara dominku, ina yi muku barka da zuwa. Waɗanda ke tsaye a bayan ɗaki su matso gaba, akwai kujeru. Abubuwa huɗu na zo da su: lokaci, sai Kemistiri, sai Fiziks, sannan lissafi.

Na farko shi ne lokaci. An kafa hukumar JAMB a 1978, kuma tun daga 2015 jarrabawar shiga jami'a ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Za a ba ku tambayoyi 180, sittin na Turanci da arba'in-arba'in na sauran darussa uku, a cikin awa biyu, kuma jimillar maki 400 ce. Awa biyu daƙiƙa 7,200 ce, idan kuma aka raba ta gida 180, kowace tambaya daƙiƙa 40 take samu. Ku rubuta wannan adadi a bangon littafinku. Wanda zai nemi aikin injiniya, Turanci da lissafi da Fiziks da Kemistiri zai zauna wa, wato darussa uku da kowannensu ke buƙatar biro da takarda, saboda haka dole ne ya yi sauri a Turanci domin ya tara wa sauran lokaci. Mai neman likitanci kuwa Bayoloji zai ɗauka a maimakon lissafi, amma kada ya yi murna da wuri, domin lissafin zai biyo shi har cikin Kemistiri da Fiziks, kuma sai ya sami kiredit a cikinsa a WAEC ko NECO kafin a dube shi.

Na biyu, Kemistiri, kuma a nan ina roƙon shugaban taro ya yi haƙuri da ni. A duk shekarun da na yi a aji, ban ga inda ɗalibai suka fi zubar da maki kamar wurin abin da ake kira mol ba, alhali kuwa kakanninmu sun daɗe suna aiki da irin wannan tunani. Wa ya taɓa zuwa kasuwar goro ta Mariri? To, ɗan kasuwa a can ba ya cewa a ba shi goro ɗari, ƙwarya yake cewa, kuma kowa ya san ƙwarya ɗaya goro ɗari ce. Ƙwaryar manyan goro da ƙwaryar ƙanana adadinsu ɗaya ne, ɗari-ɗari, amma idan aka ɗora su a kan sikeli nauyinsu ya bambanta. Ku riƙe wannan da kyau: adadi ɗaya, nauyi daban. Mol ƙwaryar masana sinadarai ce. Bambancin kawai shi ne ƙwayar zarra ta yi ƙanƙanta ƙwarai, saboda haka ƙwaryarsu ba ɗari ba ce, 6.02 ce sau goma mai ƙarfin 23 (wato ɗaya da sifili 23 a jere), adadin da aka raɗa wa sunan Avogadro, masanin nan ɗan ƙasar Italiya. Mol ɗaya na ruwa giram 18 ne, mol ɗaya na iskar kabon dayokzaid giram 44 ne, amma yawan ƙwayoyin da ke cikinsu ɗaya ne. Adadi ɗaya, nauyi daban. Zan maimaita shi har ku gaji da ji.

Me ya sa ake wannan wahala? Saboda sinadarai da ƙidaya suke haɗuwa, ƙwaya da ƙwaya, mu kuwa ba mu da idon da zai ƙirga su, sikeli kawai muke da shi. Mol shi ne gadar da ke tsakanin abin da sikeli ya nuna da abin da ke faruwa a cikin kwalba.

Bari mu je masana'antar siminti, ko ta Kalambaina a Sakkwato ko ta Ashaka a Gombe. Babban abin da ake ƙonawa a can shi ne dutsen farar ƙasa, wanda a littafinku ake rubuta shi CaCO3. Ga nauyin mol ɗaya nasa a giram: kalsiyam 40, kabon 12, oksijin 16 sau uku 48, jimilla 100. Allah Ya sauƙaƙa muku, adadin ya faɗo daidai ɗari, kamar ƙwaryar goro. Idan aka ƙona giram 100 na wannan dutse, giram 56 ne ke saura a matsayin CaO, giram 44 kuma ya tashi sama a matsayin iskar kabon dayokzaid. Ku haɗa 56 da 44, me kuka samu? Ɗari. Babu abin da ya ɓace. Haka yake ko da tan aka auna: tan 100 na tsantsar dutsen yana sakin tan 44 na wannan iska, shi ya sa ake lissafa masana'antun siminti cikin masu ɗumama duniya. Amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu ga yadda mai jarrabawa zai tambaye ku. Zai ce an ƙona giram 25, iska nawa za ta fita? Ɗalibin da ya haddace dabara ba tare da fahimta ba zai tsaya yana lalube a ƙwaƙwalwarsa, daƙiƙa 40 kuma suna tafiya. Wanda ya gane zai ce 25 rubu'in 100 ne, saboda haka rubu'in mol ke nan, rubu'in 44 kuwa 11 ne, ya danna amsa ya wuce. Idan an tambayi girman wurin da iskar za ta cika a ma'aunin zafi da matsi na ƙa'ida, kun san mol ɗaya na kowace iska lita 22.4 yake cikawa, rubu'insa 5.6. Ko kalkuletar da ke jikin kwamfutar bai taɓa ba. Yarinyar da ke sayar da awara ta san cewa idan kwano ɗaya na waken suya yana ba ta awara adadi kaza, rabin kwano rabin wannan adadi zai ba ta, kuma ba ta taɓa jin sunan Avogadro ba. Wannan lissafin kaso shi ne ƙashin bayan darasin, kuma shi za ku sake tararwa a babin narkakkun sinadarai, da babin raba sinadari da wutar lantarki, inda za a ce muku 96,500 ne cajin mol ɗaya na ilektiron, da babin dokokin iska. Babi uku ko huɗu ke nan, amma tunani ɗaya ne ya sauya riga.

Kafin in bar Kemistiri, duk wanda ya sami dama ya je marinar Ƙofar Mata ya tsaya ya kalli marini. Idan ya tsamo zane daga cikin rijiyar baba, za ku ga launinsa da ɗan kore-kore, sai ya buɗe shi iska ta buge shi, nan take ya rikiɗe ya zama shuɗi. Oksijin ɗin iska ne ya yi wannan aiki. Abin da ke rikita ku a allo game da bayar da ilektiron da karɓarsa, ga shi nan ana yinsa da hannu a tsakiyar birninku shekaru aru-aru.

Na huɗu, ko na uku ne? An miƙo mini takarda cewa saura minti goma, to bari in haɗa su. A Fiziks, ku kula da ma'auni kafin komai. Kilomita 72 a awa mita 20 ce a daƙiƙa, kuma wanda bai juya wannan ba, duk sauran aikinsa ya rushe ko da dabararsa daidai ce. Sannan ku tambayi kanku ko amsar da kuka samu tana shiga hankali. Na taɓa duba takardar wani yaro da ya lissafa cewa a-daidaita-sahu tana gudun mita 600 a daƙiƙa, alhali sauti kansa kusan mita 340 yake yi. Na ce masa, ɗana, wannan keke naka sai ya iso kafin a ji ƙararsa. (Dariya.) Ku riƙa gwada abu a zahiri. Ku saki tsakuwa a rijiya ku ƙirga: idan ta yi daƙiƙa biyu kafin ta taɓa ruwa, rabin goma (goman nan ita ce ƙarin gudun da jan ƙasa ke yi wa abu mai faɗuwa a kowace daƙiƙa) sau biyu sau biyu, zurfin ya kai mita 20. Dutsen guga mai wat 1,000 idan ya yi awa biyu yana aiki ya ci yunit biyu a mitar gidanku. Wannan kuma lissafin kaso ne, kun ga mun dawo.

Lissafi kuwa, abu biyu nake so ku ƙware a kai tun kafin ku taɓa wani babi mai wuya: lambobi masu ƙarfi da logarizim, da kuma juya dabara a fitar da harafin da ake nema. Kada wani ya ce muku lissafi baƙo ne a ƙasar nan. Malaman zaure da ke raba gado da sumuni da sudusi da sulusi lissafin kaso suke yi, kuma Muhammad al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, sunansa yana cikin tarihin lissafi na duniya saboda aikinsa a kan hatimin lambobi. Ku sauke manhajar JAMB, wato jerin babukan da jarrabawar za ta taɓo, daga shafin hukumar, kyauta ce, ku riƙa yin tsofaffin tambayoyi da agogo a gabanku, kuma idan za a yi jarrabawar gwaji ta hukumar ku yi rajista, musamman wanda hannunsa bai saba da kwamfuta ba. Na ga hannu a ɓangaren mata. Bismillah, 'yata.

Wata ɗaliba: Baba, Allah Ya ƙara lafiya. A makarantarmu babu ɗakin gwaje-gwaje, ban taɓa ganin an haɗa asid da kishiyarsa da idona ba, a allo kawai ake zana mana. Yaya za mu yi da tambayoyin sauyin launi, ga kuma jarrabawar aikin hannu ta WAEC?

Mai jawabi: Allah Ya yi miki albarka. Wannan tambaya ta fi duk abin da na faɗa muhimmanci, kuma abin yana yi mini ciwo, domin ba laifinki ba ne. Malamai da ke nan, don Allah ku nemi makarantar da ke kusa mai kayan aiki ku roƙa a ba yaranku ko da Asabar biyu, su riƙe bututun awo da hannunsu kafin ranar jarrabawa, domin babu abin da zai maye gurbin wannan. Amma kafin nan, 'yata, akwai zoɓo a gidanku? Akwai kanwa? Akwai lemon tsami? To, ki jiƙa zoɓo a ruwan zafi ba tare da sukari ba, ki tace, ki ƙara masa ruwa har ya yi haske, ki zuba a kofunan gilashi uku. Na farko ki bar shi yadda yake domin kwatance. Na biyu ki matsa masa lemon tsami, za ki ga jan ya ƙara fitowa. Na uku ki zuba masa ruwan kanwa kaɗan, za ki ga ya yi duhu ya karkata zuwa kore, domin kanwa kishiyar asid ce, mafi yawanta sodiyam kabonet ne. Zoɓon nan yana yin aikin da takardar litmus ke yi, wato bambance asid da kishiyarsa ta hanyar sauya launi.

Daga nan sai ki sayi sirinji marar allura a kemis, ki ja ruwan lemon tsami, ki riƙa ɗiga shi a kofi na uku kina motsawa kina ƙirgawa, har jan ya dawo. Mai yiwuwa ki ga 'yan kumfa suna tasowa, wannan ita ce iskar nan mai giram 44 da muka yi magana a kanta. Ki rubuta yawan abin da kika ɗiga. Sai ki sake, amma wannan karon ki ninka ruwan kanwar, ki faɗa wa kanki tun kafin ki fara nawa kike tsammanin zai ci, sannan ki gwada ki gani. Ki yi sau uku ki ɗauki matsakaici, kamar yadda ake bukata a WAEC. Gargaɗi ɗaya: kada kowa ya taɓa ruwan batir ko sodar yin sabulu, suna ƙona fata, suna makantarwa. Zoɓo, kanwa, lemon tsami, iyakarsu ke nan.

Na ji an fara kiran sallar Azahar. Duk wanda ya yi gwajin ya kawo wa malaminsa adadin da ya samu ranar Litinin. Wassalamu alaikum.