Na kama ƙwayar halitta tana rabuwa biyu

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kallo. Daga ɗakin gwaje-gwaje na jami'ar da nake karatu a nan Jamus nake yi muku magana yau, kuma abin da ke ƙarƙashin madubin ƙara girman nan tsinin saiwar albasa ne, kimanin milimita 2, wanda na jiƙa a rini sannan na danne tsakanin gilasai biyu. Wannan ne gwajina na biyu, domin a karon farko na yanko can sama, inda ƙwayoyin suka daina rabuwa suka koma ƙara tsawo kawai, har na ɓata rabin awa ina neman abin da ba ya wurin.

Ku dubi allon da kyau. Waɗannan 'yan ɗakunan da suka jeru kamar tubalan gini, kowannensu ƙwayar halitta ce, kuma mafi yawansu cibiyarsu a dunƙule take, kai ka ce barci suke yi. Alhali kuwa a wannan lokacin ne suke babban aikinsu, wato ƙara girma da kwafe DNA ɗinsu kaf, wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado. Ƙwayar jikin mutum da ake reno a ɗakin gwaji takan kammala zagayenta cikin awa 24, amma rabuwar kanta, wadda ake kira maitosis, ba ta cika wuce awa ɗaya ba. Saura duk shiri ne.

Ga wata nan a gefen hagu da ta fara. Zaren DNA, wanda a ƙwayar mutum guda tsawonsa ya kai kusan mita 2, yana nannaɗewa ya yi kauri har ya fito fili a matsayin kuromosom, guda 16 a albasa, 46 a mutum, kowanne ɗauke da kwafinsa a manne. Irin wannan zaren ne Walther Flemming ya gani a ƙwayoyin salamanda, wata dabba mai kama da ƙadangare, yana aiki a birnin Kiel, shi ya sa a 1882 ya raɗa wa rabuwar suna maitosis, daga kalmar Girkanci mai nufin zare.

Wannan ta tsakiyar ita na fi so ku tsaya a kai. Kuromosom ɗin sun jeru sahu ɗaya a tsakiyar ƙwayar, wasu siraran igiyoyi kuma sun miƙo daga ɓangarori biyu sun kama su. A nan ƙwayar take dakatawa, ba za ta motsa ba sai ta tabbatar an kama kowanne ta dama da ta hagu, ko da guda ɗaya tak ya rage sai ta jira shi. A ganina wannan jiran ya fi rabuwar kanta muhimmanci, domin idan aka yi gaggawa ɗaya daga cikin sabbin ƙwayoyin biyu za ta tafi da ƙarin kuromosom ɗayar da naƙasu, kuma irin wannan karkataccen rabo ana yawan samunsa a ƙwayoyin ciwon daji.

Da zarar an tabbatar, sai mannewar ta tsinke, igiyoyin su ja kwafi ɗaya nan ɗaya can cikin 'yan mintoci. Ga ta nan, kamar yatsun hannu biyu da ake raba su.

Ta ƙasan nan kuwa ta kusa gamawa. Kuna iya hango ɗan siririn layi a tsakiyarta, sabon bango ne take ginawa, saboda ƙwayar tsiro bangonta mai tauri ne. Ta dabba ba ta gini, tsukewa take yi ta ƙugu har ta tsinke gida biyu. Bari in sauya gilashin in sa na ƙwan kifi, ku ga tsukewar da idonku.