Amsoshin Tambayoyinku: Siginar Bogi a Binciken Niyutiron

Masu sauraro, wasiƙa ta gaba daga wani malamin kimiyya take, a wata sakandare kusa da Ringim. Ya ce ya karanta cewa masu binciken sinadaran da lantarki ke ratsawa ba tare da asara ba sukan ga alama a na'urarsu, su yi murna, daga baya ta tashi ta bogi. Yana tambaya, shin maguɗi ne?

Malam, galibi ba maguɗi ba ne. A 1986 masana kimiyya Bednorz da Müller suka gano irin wannan sinadari mai tagulla a Zurik ta Suwizalan, a 1987 kuma aka samo wani da ke aiki a wajen digiri 180 ƙasa da sifili. Wai shi ake kira "mai jure zafi", alhali sanyin hunturun Jigawa wasan yara ne a kansa. Don a gane abin da ke faruwa a cikinsa, sai a harba masa niyutiron, wato wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikin ƙwayar zarra, kamar yadda ake yi a Girenobul ta Faransa, a duba inda suka karkata da ƙarfin da suka rasa.

To, ka taɓa kwaɗa kira a tsakanin duwatsun Dutse? Murya ɗaya ka yi, biyu za ka ji. Haka niyutiron kan bugi sinadarin, ta sake bugun wani wuri, ta iso na'ura kamar sabon labari. Wata ma ba ta taɓa sinadarin ba, gwangwanin alminiyon da aka ɗora shi ta buga, ko gam ɗin da aka manna shi da shi, domin haidirojin da ke cikin gam yana watsa niyutiron sosai. Wasu niyutiron kuma masu ninkin gudu kan sulale su shigo, shi ya sa ake tare su da matacin girafayit.

Maganin irin na mai awo ne: a fara auna kwano ba komai a ciki. Sannan a juya sinadarin, a ɗumama shi, a sauya ƙarfin niyutiron, don a ga ko alamar ta gaske ce. Misali, wata alama da masu bincike suka gani a 1991, wadda ke ƙaruwa idan sinadarin ya yi sanyin da ake so, ta tsallake wannan tankaɗe, aka kuma tabbatar ta maganaɗisu ce.

Malam, a gaishe mana da ɗalibai. Bari mu buɗe wasiƙa ta gaba.