Wa ke Gadin Ruwan Tarawa?

Assalamu alaikum, jama'a, barkanmu da sake saduwa. Yau tafiyar tamu mai nisa ce, har tsakiyar tekun Fasifik, ƙasar Kiribati. In kun samu taswirar ƙasar, ku dube ta da kyau. Ɗige-ɗigen da za ku gani tsibirai ne guda 33, warwatse a kan tekun da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita miliyan 3.5. In aka tattara busasshiyar ƙasarsu wuri guda kuwa, da kyar ta haura murabba'in kilomita 800. Ƙidayar 2020 ta sami mutum kusan 119,000 a ƙasar, fiye da rabinsu kuma cunkushe suke a Tarawa ta Kudu, babban birnin ƙasar, wani siririn zirin ƙasa da yawancinsa bai ɗara teku da mita 3 ba. A wasu wuraren, in ka tsaya a kan titi, teku kake gani dama da hagu.

Babu kogi a nan, babu tafki, babu dutsen da idon ruwa zai ɓulɓulo daga gindinsa. To me suke sha?

Amsar tana ƙarƙashin ƙafarsu. Ƙasar tsibirin yashi ce da ɓurɓushin murjani, tana shanye ruwan sama nan take. Ruwan ya gangara ƙasa ya tarar da ruwan teku da ya riga ya ratsa tsibirin ta ƙarƙashi. Da yake ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a kansa, kamar yadda mai yake tasowa saman miya. A ƙa'idar masana, in ruwan daɗin ya ɗago mita ɗaya sama da fuskar teku, to yana iya nutsawa kusan mita 40 a ƙasa. Amma tsakaninsa da gishirin babu bango, babu siminti. Bambancin nauyi kaɗai ke raba su. Ka zuƙa da ƙarfi, gishiri ya taso maka. Ruwan sama ya ɗauke na watanni, kaurin ruwan ya ragu. Igiyar teku ta haura tudu, ya gurɓace daga sama.

Shi ya sa ba a haƙa rijiyar burtsatse mai zurfi a irin wannan wuri. A Bonriki, kusa da filin jirgin sama, da maƙwabcinsa Buota, dogayen bututu masu huji-huji aka shimfiɗa a kwance cikin yashi, ana yaɗe ruwan daga sama-sama, sannu a hankali. Lissafin masana ya nuna abin da wuraren biyu za su iya bayarwa ba tare da sun lalace ba bai wuce kusan lita miliyan 2 a rana ba. Ku raba wa mutum 60,000 da 'yan kai. Kowa ya tashi da lita 30 da ɗoriya: sha, girki, wanka, wanki, duk a ciki.

Wannan ma a takarda ke nan. Shekara da shekaru, fiye da rabin ruwan da ake turowa daga Bonriki ba ya isa famfon da aka nufa da shi. Tsofaffin bututu na yoyo, wasu kuma an huda su an ja layi ba da izini ba. Hukumar da ke kula da ruwa da lantarki, wadda ake kira PUB, ta koma raba ruwa bi da bi, unguwa ta samu na kamar awa biyu cikin kwana biyu. Ku kalli abin da hakan ke haifarwa. Ruwa ba ya zuwa, sai mutane su ƙi biya. Ba a biya ba, hukuma ta rasa kuɗin gyara. Ba a gyara ba, ƙarfin ruwa ya ƙara raguwa, magidanci ya tona ƙasa ya yanke bututun daga ƙasa-ƙasa don ya tari ɗan abin da ke ɗiga. Sa'ad da bututun ya zama fanko kuma, ƙazantaccen ruwan ƙasa ya kutsa ta wannan hujin. Ni ban ga laifin uwar da ta yi haka don 'ya'yanta su sha ba. Tsarin ne ya kai ta bango.

In famfo ya ƙafe, rijiyar tsakar gida ake komawa. Rijiyar nan kuwa taku kaɗan ne tsakaninta da shadda, da garken aladu, wani lokaci har da kabarin kaka, domin a Kiribati an saba binne mamaci a filin gida. Cutar kwalara da ta ɓarke a 1977 ita ta sa aka gina magudanar bayan gida mai aiki da ruwan teku a Betio da Bairiki da Bikenibeu, manyan unguwannin Tarawa ta Kudu. Har yau gudawa na cikin manyan cututtukan da ke kwantar da ƙananan yara a can.

Yanzu mu zo ga batun da a ganina ya fi kowanne nauyi, wato ƙasar da ke saman ruwan. Fili a Kiribati gadon dangi ne. Da gwamnati ta keɓe Bonriki da Buota ta ce ba gini, ba kiwo, ba haƙar yashi, filayen mutane ta keɓe, masu iyaye da kakanni a wurin. A nan suke da itatuwan kwakwarsu, a nan suke da ramukan babai, wata irin gwaza ce mai girma da ake shukawa cikin rami mai danshi, wadda ake fitowa da ita ranar biki. Masu filaye sun yi ta kukan cewa janye ruwan yana cutar da shukokinsu, ruwan kuma mutanen birni ke sha. An sha lalata injinan tura ruwa. Gwamnati tana biyan kuɗin hayar fili duk shekara, duk da haka mutane suna ta kutsawa suna kafa gidaje, domin jama'a na kwararowa daga tsibiran karkara neman makaranta da asibiti da aiki, wurin zama kuma babu. An taɓa samun irin wannan keɓaɓɓen wuri a Teaoraereke. Gidaje suka mamaye shi, aka daina ɗibar ruwa a can.

Wa zai hana a maimaita haka a Bonriki? Nan fa gizo ke saƙa. Injina da bututu na hannun PUB. Auna yawan ruwan ƙasa na ma'aikatar ayyuka ne. Gwada tsabtarsa na ma'aikatar lafiya. Filin da batun masu kutse na ma'aikatar ƙasa da muhalli. Ga kuma majalisun gari da nasu hurumin. Kowa na riƙe da gefe, in abu ya lalace kowa ya nuna ɗan'uwansa. Saboda haka ne a 2008 ƙasar ta amince da manufar ruwa ta ƙasa, domin a tara waɗannan hukumomi a teburi ɗaya. Mataki ne mai kyau. Sai dai takarda ba ta tsayawa gadi da dare. Ƙasar da injiniyoyinta na ruwa ba su taka kara sun karya ba, wanda ya ƙware kuma Ostireliya ko New Zealand na iya ɗauke shi da albashi mai tsoka, dole ta sa masu filayen kansu cikin aikin gadi, su ga amfanin tsare ruwan a aljihunsu da famfonsu. Biyan haya kaɗai yana mai da mutum mai karɓar kuɗi ne, ba ya mai da shi mai kishin wurin.

Wani zai ce, ga teku nan ko'ina, a tace shi mana. Ana yi. Akwai babban aikin ruwa na Tarawa ta Kudu da Bankin Raya Asiya da Bankin Duniya da asusun sauyin yanayi na Green Climate Fund suka zuba wa kuɗi: injinan cire gishiri, wutar hasken rana da za ta rage musu shan mai, da sabbin bututu. Ana buƙatarsa ƙwarai, musamman bayan farin da yanayin La Nina, wato sanyayar ruwan tekun Fasifik da ke rage ruwan sama a yankin, ya jawo, wanda ya sa gwamnati ta ayyana dokar ta-ɓaci a watan Yunin 2022.

Amma ku tuna abin da ya sami Male, babban birnin Maldives, ƙasar tsibirai a tekun Indiya. Ranar 4 ga Disamban 2014 gobara ta tashi a matatar ruwan birnin, mutum fiye da 100,000 suka wayi gari babu ruwa, sai da Indiya da Sri Lanka da Sin suka riƙa kawo shi ta jiragen sama da na ruwa. Birnin ya jingina da inji ɗaya, ruwan ƙasarsa kuma ya daɗe da lalacewa. Tuvalu, maƙwabciyar Kiribati, ita kuma da ruwan sama ta jingina. A farin 2011 tankuna suka ƙafe, aka ƙayyade wa kowane gida a Funafuti, babban birninta, bokiti biyu a rana, har New Zealand da Ostireliya suka kawo injinan tacewa cikin gaggawa. Duk tsibirin da ya rataya ransa ga hanya ɗaya, ranar da ta tsinke ba shi da maƙwabcin da zai aika wa tankar ruwa ta mota.

Don haka injin da aka kawo Tarawa bai sauke wa kowa nauyin Bonriki ba. Ruwan da aka tace yana da tsada, matatansa na ciki suna toshewa, ana sayo su ne daga ƙasashen waje, jirgin da zai kawo su kuma ba kullum yake zuwa ba. Masu ba da tallafi suna son gina sabon abu a yanke ƙyalle, ba kasafai suke biyan kuɗin gyaran shekara ta goma ba. Wannan kuɗi daga mitar da ke ƙofar gida zai fito, ko daga baitulmali. Ke nan dole gwamnati ta yanke, a fili, lita nawa talaka zai samu da rahusa, nawa otal da ma'aikatun gwamnati za su biya, kuma wa zai yanke wa babba ruwa in ya ƙi biya. Dole a riƙa auna gishirin rijiyoyin gwaji na Bonriki a kai a kai, a sanar da jama'a sakamakon, a kuma amince tun damina tana kan ganiyarta cewa in gishirin ya kai kaza za a rage janyewa, ba sai fari ya zo a fara gardama ba. Dole dokar gini ta tilasta indararo da tanki a kowane rufin kwano mai faɗi, na coci da makaranta da maneaba, babban zauren taron gari.

Injiniya zai iya shimfiɗa bututun cikin shekara biyu ko uku. Zaman sulhu da dangin da ke da filin Bonriki, wannan aikin ministoci ne da dattawan gari, kuma kowace sabuwar gwamnati sai ta sake zaunawa da su.