Gidan gonar da gari ya cim masa a Agege

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Wanda ya tsaya yau a ƙarƙashin gadar Pen Cinema, cikin hayaƙin motocin haya na danfo da ihun kwandastoci, da wuya ya yarda cewa Agege ƙauyen manoma ne a da. Sunan Oko-Oba ma, inda mahautanmu ke yin sammako kullum, gonar sarki yake nufi da Yarbanci. Wajen 1880 Kyaftin James Davies ya dasa koko a Ijon, daga baya Jacob Kehinde Coker ya buɗe manyan gonaki a Ifako, har manoman yankin suka kafa ƙungiyarsu a 1907. Su koko ya kawo su, mu kuwa goro. Da jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano a 1912, fataken da kakanninsu ke shafe watanni a hanyar Gwanja sai ga goro a bakin tasha. Har yau Bayarabe na kiran irin goron da muke ci "gbanja".

A makon jiya wani dattijo mai sayar da goro ya ja ni zuwa wani lungu ta wajen Ifako, ya nuna mini gidan da mahaifinsa ke zuwa sari. Benaye sun yi masa ƙawanya ta ko'ina. Ginin ƙasa ne, kaurin bangonsa ya kai kamu ɗaya. Na shigo daga ranar azahar, sai na ji kamar na sa kai cikin randa. Rufin kwano ne mai tsini, bakinsa ya zarce bango sosai ya zauna a kan ginshiƙan katako, ya ba da baranda. Wannan ba ado ba ne. A Arewa muna yin soro da azara, mu sa indararo, domin daminarmu gajeriya ce. A nan kuwa, idan ruwan Yuni ya tsuge, bangon ƙasa ba shi da mai ceto sai wannan lema. Tagogin katako ne masu marfi biyu, suna kallon juna don iska ta ratsa. A tsakar gida akwai dandamalin da ake shanya koko, yanzu igiyar shanyar 'yan haya ce a kansa.

Na ce, "Baba, ina ake ajiye goron?" Bai amsa ba, sai ya tura wata ƙofa ta baya. Ɗaki ne mai duhu da sanyi, inda ake jera kwanduna a lulluɓe da ɗanyen ganye kafin a ɗaure huhu. Yanzu janareta ne a ciki.

Abin da ke cin gidan a fili yake. Kwano biyu sun huje, ruwa na bi ta kan bango. Gara ta shiga ginshiƙi. Wani kuma, da kyakkyawar niyya, ya yaɓe gefe guda da siminti, alhali siminti kan ƙasa riƙe laima yake yi, bango ya riƙa ruɓewa ta ciki har ranar da yaɓen zai ɓanɓaro gaba ɗaya. Gyaran gangar auzinawa ke nan.

Za a ce ai akwai doka. Akwai. Tun 1979 aka kafa hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da kayan tarihi, jihar Legas ma ta yi tata dokar kare irin waɗannan wurare a 2011. To amma ku tuna Ilojo Bar da ke kusa da dandalin Tinubu, ginin salon Burazil da aka yi a 1855, aka sa shi cikin kayan tarihin ƙasa a 1956. Ranar 11 ga Satumba 2016, jajiberin Babbar Sallah, katafila ta baje shi. Idan wanda ke tsakiyar gari da takardarsa a hannu bai tsira ba, ina ga gidan manomi da ba ya cikin rajistar kowa?

Ni dai ba na zagin magada. Mutum goma sha ne suka gaji gida guda, ga kuɗin makaranta, ga dillali na zarya da farashin fili irin na Legas. Ka ce musu su haƙura saboda tarihi, kai kuma ka koma gidanka mai tayil? Ba adalci. Dokar da ke hana rushewa amma ba ta sayen ko bandir ɗin kwano ɗaya, jinkirta faɗuwar kawai take yi.

Abin da na ga ya yi aiki shi ne na gidan Jaekel da ke harabar jirgin ƙasa a Ebute Metta. Ginin 1898 ne, ƙungiyar Legacy mai kare gine-ginen tarihi ta gyara shi a 2010, ya zama ƙaramin gidan tarihi da mutane ke shiga suna fita. Gida muddin ana kwana ana tashi a cikinsa, akwai mai lura da yoyonsa.

Saboda haka maganata ga shugabannin 'yan goro na Agege da masu unguwanninmu ce, kafin gwamnati. Kuɗin da muke kashewa a walima ɗaya ya isa a kama hayar irin wannan gida na shekaru, a toshe rufi, a kankare simintin a mayar da yaɓen ƙasa, ɗakin baya ya koma ma'ajin goro yadda yake. A gayyato ɗaliban zanen gini daga Yaba su auna shi su zana. A zaunar da dattawa irin wanda ya raka ni, a naɗi muryarsu tun suna iya nuna ƙofa.

Da za mu fito, ya tsaya ya dafa ginshiƙin baranda, wai a nan mahaifinsa ke ƙirga goro ƙwarya-ƙwarya. A jikin katangar waje kuwa an riga an rubuta lambar wayar dillali da jan fenti.