Sharhi: Sojan Ƙauye da Rauni Ya Ci Ransa a Dajin Burma

Jama'a masu sauraro, duk ranar 15 ga Janairu shugabanni kan ajiye furanni a Abuja don tunawa da 'yan mazan jiya, ranar da aka zaɓa saboda a ita ne yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Sai dai akwai wani soja da busar bigilar ba ta kai wa ƙauyensu.

Shi ne saurayin da aka ɗauka ta hannun hakimi da dagaci a zamanin yaƙin Hitila, ya bar fartanya, aka sa shi a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga nan Burma, ƙasar da yau ake kira Myanmar. Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta gwabza da Japanawa a kwarin kogin Kaladan a 1944, sannan ita da runduna ta 82 suka ƙwace garin Myohaung da ke yankin Arakan a Janairun 1945.

A wannan daji babu hanyar mota ta kirki. Abinci da harsashi daga sama ake jefo su. Wanda harsashi ya sama, 'yan uwansa ne za su ɗauke shi a kafaɗa, su hau tudu su gangara, har inda aka share fili don ƙaramin jirgin sama, ko bakin kogi. Kafin a isa, ciwo ya ruɓe, zazzaɓi ya shiga. Sai ya cika bayan kwanaki, lokacin da labarin fafatawar ya riga ya wuce, ba mai ambatonsa.

A gida kuwa ba gawa, ba kabarin da za a ziyarta, sai sadakar uku da ta arba'in, in ma saƙon ya iso ke nan.

A maƙabartar Taukkyan kusa da birnin Yangon na Myanmar, an rubuta sunayen mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, cikinsu har da 'yan Nijeriya. Matsalar ita ce sau da yawa magatakardan soja kan haɗa sunan mutum da na babban gari, Kano ko Katsina ko Bauci, ƙauyen ya ɓace.

Mun sa wa barikoki sunayen Myohaung da Arakan a Legas. To, masarautunmu su nemi sunayen waɗannan sojoji daga hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel, su bi sawunsu gunduma-gunduma tun tsofaffin da suka san zuriyar suna raye. Allah Ya jiƙan su.