Irin gungun taurarin da doguwar walƙiyar gama ke fitowa daga ciki

Lacca ce da aka yi wa ɗaliban kimiyya 'yan zango a Asawase, Kumasi. An rubuto ta daga faifan murya.

Assalamu alaikum. Malamai, iyayenmu, ƙannena ɗalibai, sannunku da zuwa.

A 1967 ne taurarin ɗan'adam na Amurka masu suna Vela, da aka harba don sa ido kan gwajin nukiliya, suka tsinkayi wata walƙiyar hasken gama, wato haske mai tsananin ƙarfi da ido ba ya gani, daga can ƙuryar samaniya. Wadda ta haura daƙiƙa 2 ita ake ce wa doguwa. A 1998, sannan a 2003, aka ga fashewar tauraro daidai inda irin wannan doguwar walƙiya ta fito, aka gane mutuwar ƙaton tauraro ce.

To, amma ba kowane ƙato ke irin wannan mutuwa ba. A 2006 Andrew Fruchter da abokan aikinsa suka duba gungun taurari 42, wato galaksi, tarin taurari masu ɗimbin yawa, da walƙiyar ta fito daga cikinsu, da madubin hangen nesa na Hubble da ke sararin samaniya. Galibinsu ƙanana ne, dusu-dusu, marasa tsari. Da aka auna iskar irin waɗannan gungu, sai ga haidirojin da hiliyom jingim, amma oksijin da kabon da ƙarfe, waɗanda masana taurari ke haɗa su duka su kira ƙarfe, ba su taka kara sun karya ba.

Nan nake so ku kasa kunne, don ni nan ne abin ya fi burge ni. Tauraro mai yawan ƙarfe, haskensa yana tunkuɗa ƙarfen nan waje, ƙarfen ya ja sauran iskar, tauraron ya yi ta zubar da jikinsa. Yana zubarwa, juyinsa na raguwa. Wanda ya taɓa murza katantanwa a tsakar gida ya san da ta rage gudu sai ta kife. Shi kuwa mai ƙarancin ƙarfe, da gudunsa yake isa ranar mutuwa. Cikinsa ya rufta ya zama baƙin rami, wato wurin da ko haske bai iya kuɓuta daga jansa, saboda gudun juyin nan ragowar ta riƙa kewaye ramin, sai haske ya tsargo ta gefe biyu. In ɗaya ya saito mu, mu gani.

Yaya aka san abin da ke cikin iskar? Hasken da ke biyo bayan walƙiyar yana ratso ta, kowane sinadari ya tsinke nasa launin, ya bar baƙin layi. Da haka ake karanta gungun da madubi ma bai iya gani sosai. Walƙiyar 23 ga Afrilu 2009 ta taso tun sararin samaniya yana da shekara miliyan 630 kacal.

Kada dai ku fita ku ce an rufe magana. Bayan harba Swift, tauraron ɗan'adam mai farautar walƙiyar gama, a 2004 an samu wasu walƙiyoyin a manyan gungu masu ƙura da ƙarfe, waɗanda da can ƙurar ta ɓoye. Ƙarancin ƙarfe na sauƙaƙa abin, amma iyakar yawan ƙarfen da ke hana walƙiyar ana nan ana jayayya a kanta. Namu gungun, wanda rana ke ciki, mai wadatar ƙarfe ne, don haka da wuya walƙiyar ta tashi kusa da mu.

Malam na baya ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, Malam.